Baba Mai Gyaran Mawashi

Daga Allah muke, gare Shi kuma Baba ya riga mu komawa, wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Ni ne ɗansa na fari, ni na zauna a bakin tabarma ina karɓar gaisuwa. Abin da kunnena ya ji a zaman nan shi ya sa na ce sai na faɗi wane ne shi, tun mutanen Tasawa ba su manta ba.

Wanzaman gari sun cika zauren Sarkin Aska, inda aka yi zaman makoki, kowa da zabirarsa a rataye. Wani ya ce, "Allah shi jiƙan shi. To yanzu wa za shi gyara muna mawashi?" Wani dattijo da ya tako tun daga Kona ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa, sannan ya matso ya raɗa mini cewa akwai dutsensa a wurin marigayi tun kafin damina, ko an gama? Na tashi na ɗauko masa. Ban ji haushinsa sosai ba, mutum ne mai iyali, da askar nan yake ciyar da su. Mata a cikin gida kuma haƙurinsa suke ta yabo, wai bai taɓa ɗaga murya ba. Inna, mahaifiyata, tana lulluɓe a ɗaki ta ji haka, sai ta ce, "Ku dai ba ku zamna da shi ba." Mutum ɗaya ne ya ware gefe, shi ne Sarkin Aska na yanzu, ɗan tsohon ubangidan Baba. Ya haɗa kai da gwiwa, in an gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Ban da ni, shi kaɗai a zauren ya san abin da ya ci wa Baba rai duk tsawon zamansa a garin nan.

Baba ba ɗan ƙasar nan ba ne. Mahara suka ɗauko shi yana ƙarami ƙwarai, ya bi hannu-hannu har tsohon Sarkin Aska ya saye shi a kasuwa. Bai san sunan garinsu ba. Abin da yake iya tunawa shi ne manyan duwatsu da ruwa mai gudu rani da damina, abin da mu mutanen rairayi muke ji kamar tatsuniya. Abu ɗaya ya zo da shi daga gida, tsagar fuskarsa. Siraran zane ne a gefen ido hagu da dama, a jere kusa da juna kamar haƙoran mataji, da wani ɗan ƙarami a goshi mai kama da sawun kaza. Ba wanda ya taɓa ganin irinta a nan. Mu 'ya'yansa da aka haifa cikin bauta, ta gidan ubangida aka yi mana, mai kauri daga gefen baki zuwa kunne, wadda ko makaho ya shafa zai ce ɗan Tasawa ne. Da tsohon Sarkin Aska ya zo mutuwa ya 'yanta mu duka, Allah ya saka masa. Tun daga ranar Baba ya ƙulla buri guda: in ya sami jika, haifaffe cikin 'yanci, tsagarsa za a yi masa, don kada ta ƙare da shi, ko wata rana wani ya gan ta ya ce ga mutanenku.

Wanzanci gado ne, don haka ba a taɓa ba Baba aska ya ɗora a kan ɗa ba, ko bayan 'yanci. Duwatsu aka ba shi. Ƙasarmu kuwa sai ka yi tafiyar yini ba ka ga dutsen da za ka jefi akuya ba. Mawashin kirki, wato dutsen wasa aska, sai ayarin Abzinawa ya kawo shi tare da gishiri, shi ya sa wanzami yake gadon nasa daga ubansa, ya bar wa ɗansa. Amma dutse yana cinyewa. Kowa a tsakiya yake goga aska, shekara da shekaru, har wurin ya yi kwarmi. In ka wasa aska a kwarmi bakinta sai ya lanƙwashe, ta riƙa jan gashi, in kuma tsagar jariri ce ta yage fata maimakon ta yanka. Sai a kawo wa Baba.

Wurinsa yana kusurwar zaure ta gabas, inda hasken safe yake shigowa. Zai karɓi dutse ya juya shi, ya shafa da tafin hannu, ya dubi mai shi ya ce, "Kai da tsakiya ɗai kaka gaisawa, gehe ya yi maka laihi?" Sai ya ɗauki gawayi ya zane fuskar dutsen duka, tsaye da kwance. Ya zuba ruwa a kan babban shimfiɗaɗɗen dutsensa, ya barbaɗa rairayin gulbi wanda ake ɗebo masa daga wajen Mayahi, ya kifa mawashin ya shiga gogawa, yana juya shi kai da ƙafa. Can ya ɗaga ya duba. Gefe ya share, gawayin tsakiya yana nan. Masu gaggawa sukan ce ya isa haka nan, sai ya ce, "Kwarmi ba a cika shi. Gehen aka ci har shi sauka shi iske shi. In kana sauri, ɗauki abinka." Ba wanda ya taɓa ɗauka. In gawayi ya ɓace duka sai ya wanke, ya koma rairayin da ya tankaɗe da tsumma, daga nan ƙasar suri mai laushi, daga ƙarshe ruwa zalla, har dutsen ya yi santsi, in ya jiƙe kana ganin inuwarka a ciki. Sau da yawa na iske shi ya dakata da aiki yana kallon tasa fuskar a nan.

Shimfiɗaɗɗun duwatsun nasa uku ne, don su ma suna cinyewa, sai ya riƙa goga su da junansu yana sauyawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa biyu ba su isa ba. Baba ba ya kiran sunana, ba ya ma duba ni ido cikin ido, kunyar ɗan fari, sai ya amsa wa bango: "Dutsi biyu munahukai na. Guda shi yi ciki, guda shi yi tozo, su rungume juna, ka ce sun daidaita. Sai na ukku ya zo asirinsu ka tonuwa."

Wanzamai daga nesa suna zuwa saboda shi, kuma duk baƙon da ya zo, lada ɗaya Baba yake nema. In ya miƙa masa dutsensa, sai ya matsa cikin haske ya ɗaga fuska ya ce, "Malam, kai mai yawo na. Diba mani, askar wane gari ta wagga?" Wasu su duba da gaske, wasu su yi dariya. Akwai wani da ya zo tare da fatake daga kudu, ya riƙe haɓar Baba ya daɗe yana kallo. Mutumin ya ce ta yi kama da ta wasu mutanen kan dutse da ya taɓa gani, amma tasu ba ta da na goshi, a'a, ba ita ba ce. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi bakin ƙofa. Ranar bai sha furarsa ba.

Masu cewa bai taɓa ɗaga murya ba, ba su nan ranar da Inna ta niƙa yaji. Maƙwabta sun ari dutsen niƙanta, ga miya a wuta, ta leƙa zaure ba kowa, ta ga babban dutsen Baba shimfiɗe sumul, ta ce ai dutse dutse ne. Ya dawo daga masallaci ya iske shi ja wur da barkono. Ihun da ya yi sai da jakunan bakin rijiya suka ɗaga kunne. "Tonka! Tonka bisa dutsin askar jarirai! Ke kina da hankali kau?" Ita ma ba ta da sanyi, ta ce da ya kula da dutsen niƙanta rabin yadda yake kula da na mutane, da ba ta niƙa gero da tsakuwa ba. Ya yi fushi da tuwonta, ya koma ci a gidan maƙwabci, ita kuma ta ƙara wa miyar man shanu don ƙanshin ya iske shi can. Ta tashi wata safiya ta tarar an gyara dutsen niƙanta, an sassare shi yana cin gero yadda bai taɓa ci ba. Ta ce a gaya masa an gode, ya ce a gaya mata ba don ita ya yi ba, haƙoransa ya tausaya wa.

Wata shekara wani saurayin wanzami ya zo daga wajen Gidan Amumune, sun gudo wa hari, mawashin gadonsa ya faɗi a hanya ya ruguje. Ya kwance tsumma ya nuna wa Baba gutsattsarin yana hawaye, ko za a iya yin wani abu. Baba ya duba ya ce wannan sai Allah. Sannan ya tashi ya ɗauko ƙaramin cikin duwatsunsa uku, ya yi kwanaki yana lallashinsa har ya yi santsin wasa aska, ya ba shi. Na yi magana, na ce yanzu ya rage da munafukan nan biyu, ayari kuma sai bayan damina. Ya ce wa bango, "Hwaɗa ma wancan, ni ina iya jira. Shi yaron da mi za shi ci?" Haka ya zauna watanni yana mayar da mutane da duwatsunsu, ba ya yarda ya yi aikin da bai amince da shi ba.

Shekarun nan kowa a tsare yake. Mahara ta gabas, mahara ta kudu, mutanen ƙauye sun kwaso kaya sun cika cikin ganuwa, har iyayen matata sun baro Kona sun raɓe a unguwar masaƙa. Gona sai ta kusa da ƙofa, wani yana noma wani yana kan itace yana hangen daji. Amma tsarewar Baba ta fi ta kowa, don mu in an yi lafiya muna da inda za mu je. Bayan 'yanci ya ɗauki wata al'ada: in ya gama aiki da la'asar sai ya taka zuwa ƙofar kudu, ya tsaya daga ciki yana kallon hanya, har masu gadi su ce za su rufe. Bai taɓa ƙetare dokin ƙofar ba. Na ce masa wata rana in fatake za su tashi mu bi su, ni da shi, mu nema. Ya ce, "Mu tahi ina? Kudu ba gari ta ba." Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Duk ƙarfinsa sai ya koma kan jikan da bai zo ba, don matata ta daɗe ba ta sami haihuwa ba. Baba yana da wani ɗan baƙin dutse na Abzin wanda ya naɗe a fata, ba ya bari kowa ya taɓa. Ya ce irin tsagarsa askar gari ba za ta iya ba, zanen sun yi siriri sun yi kusa, sai aska mai miƙaƙƙen baki da aka wasa a dutsen da ba shi da ko ɗigon kwarmi. Ya yi shekaru yana lallashin dutsen nan. Sarkin Aska na yanzu, wanda a bayan Baba ya girma, ya ɗaukar masa alkawari shi da hannunsa zai yi. Sukan samo ɗanyen duma, Sarki yana kallon fuskar Baba yana zanawa a jikinsa, Baba yana shafa nasa kunci da hannu ɗaya, duman da ɗaya, yana cewa, "A'a Sarki, ka buɗa su da yawa. Matse." Sun ɓata duma da yawa kafin tsohon ya ce ya yi.

Da Allah ya ba matata ciki, sai ga wani abu ya faru. Mahara suka faɗo wa masu tsinkar wake dab da ganuwa da rana tsaka, suka kwashe yara biyu. Ɗaya ɗan ƙanwar Sarkin Aska ne, ɗaya kuma ɗan wata baƙuwa ce da yunwa ta koro daga nesa, mijinta ya rasu a hanya, ba ta da kowa sai yaron. Bayan watanni wani bafatake ya shigo gari riƙe da hannun ɗan ƙanwar Sarki. A wata kasuwa can gabas ya gan shi a ɗaure, ya fanso shi. Gari ya ɗauki guɗa. Baƙuwar ta kutsa cikin taro ta faɗi gabansa tana tambayar nata. Ya ce, "Baiwar Allah, yara da yawa nig gani ga kasuwan nan. Wanga ɗai nig gane, don huskatai." Yaronta ma yana da tsaga, amma ta dangin ubansa ce, ba wanda ya san ta a nan.

Daga ranar matar nan ta riƙa zuwa zauren Sarkin Aska, don ta ji an ce wanzamai suna yawo, suna kula da fuska. Duk baƙon da ya sauka sai ta durƙusa, ta sa yatsa ta zana masa tsagar ɗanta a kuncinta, ta ce in ya ga mai irin wannan ya taimaka. Baba yana kusurwarsa yana goga dutse, yana jin ta. Na lura in tana nan ba ya ɗaga wa baƙo tasa fuskar. Yakan tura mata rabin furarsa.

Matata ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna, bayan liman ya raɗa suna an yanka rago, muka shiga gidan surukaina, ni da Baba da Sarkin Aska. Baba ya sa rigarsa ta Idi. Tun da safe shi da kansa ya riƙe baƙin dutsen Sarki ya wasa askar a kai, har ta raba gashi a iska. Goggon matata ta zauna ta ɗora jaririn a cinya, aka aske masa kai, aka ajiye baƙin tukunya a gefe don shafawa a tsagar. Sarki ya dubi fuskar Baba sau ɗaya, ya yi bisimilla, ya kai aska gefen idon yaron.

Baba ya kama masa wuyan hannu.

"Dakata, Sarki. Yi mai ta gidanku."

Sarki ya ce, "Baba, bayan duk wahalar da munka sha? Na iya ta, wallahi na iya."

"Na san ka iya. In anka ɗauke shi gobe, wa za shi gane ta?"

Ban san sanda na yi magana ba. Na ce, "Baba, jikanka na. Ɗa na, ba bawan kowa ba. Abin da kaka jira ke nan tun ina saurayi." Bai juyo ba. Hannunsa yana kan hannun Sarki, ya ce, "Hwaɗa ma wancan, ni na ga iyakar tsagata. Na nuna ta ga duk wanda yash shigo garin ga, ba ta maishe ni gida ba. Ba ni bari uwar yaron ga ta zamna bakin zaure tana zana kunci."

Sarki ya goge idonsa da hannun riga, ya sauko da askar zuwa gefen baki, ya yi ta gidansu, mai kauri, irin tawa. Askar ta yi kaifi har yaron bai yi wani kukan kirki ba. Aka shafa baƙin tukunya, aka miƙa wa Baba. Ya karɓe shi ya daɗe yana kallo, sannan ya yi masa wasan kaka, ya ce, "To aboki, kai dai ka zama ɗan gari. Kak ka raina baƙo." Mata suka yi guɗa. Ni na fita bayan gida na yi kuka, na haushi da na tausayi a haɗe, don na san gaskiya ya faɗa, kuma na so a ce ƙarya ce.

Bai daɗe ba bayan wannan. Ya ci gaba da gyaran duwatsu har damina ta wuce, amma bai sake tambayar wani baƙo komai ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya kwanta, bai wahalar da kowa ba. Liman da Sarkin Aska suka yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Da aka zo naɗe shi, Sarki ya riƙe bakin likkafanin ya ce mini, "Diba da kyau." Na duba. Fatar ta saki, zanen sun fito sarai fiye da yadda na taɓa ganinsu, an yi su da hannu mai natsuwa, hannun wanda ya san za a tashi a san yaron nan da su. Na ja likkafani na rufe.

Yanzu duk faɗin ƙasar nan babu sauran mai wannan fuska, kuma har muka binne ta ba wanda ya ce ga garinsu. Jikansa yana goye a bayan uwarsa da tsagar gidan da suka sayi kakansa, in an ɗauke shi gobe za a san inda za a maido shi. Wanda duk ya taɓa aski da askar da aka wasa a dutsen Baba, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya haɗa shi da uwar da ta haife shi. Ita dai za ta gane shi.